Ranar da Koren Ƙyaure Ya Ɓata

Ranar Litinin da safe muka tarar da katakon da ƙyauren ke jingine a kai babu komai, sai igiya biyu yashe a ƙasa.

Sunana Petrit, ni ne shugaban masu lulluɓe jikin wani sabon bene da ake ginawa. Hawa ashirin da takwas ne, a bayan tashar jiragen ruwa ta birnin Durres, kuma mun shekara muna ɗaura masa fale-falen yumɓu ɗaya bayan ɗaya. Injiniya Elvana, wadda ta zana ginin, ta ƙi a sa masa gilashi zalla irin na maƙwabta. Ta ɗebo launukan tsohuwar unguwar da aka rushe a wurin, ta jera su daga ƙasa zuwa sama: jan rufin gidaje da farko, sai rawayar bango, sai shuɗin tagogi, har can ƙoli inda launin ke dusashewa ya koma kamar teku da hantsi. A saman duka ta bar wata kafa mai siffar baka a buɗe, inda za a kafa wani tsohon ƙyauren ƙarfe kore mai adon rassan rumman, wanda aka ciro daga ɗaya cikin gidajen da aka rushe. Ranar Laraba injin ɗaga kaya zai hau da shi, mai ginin ma ya riga ya gayyaci baƙi.

Kafin ƙarfe tara, kowa ya gama yanke hukunci. Ramiz mai walda suke kallo. Ya taɓa yin shekara biyu a kurkuku tun yana saurayi saboda satar wayar tagulla, kuma mijin yayarsa tsofaffin ƙarfuna yake saya.

"Ku kalle ni da kyau, ko za ku ga ƙyaure a aljihuna," in ji Ramiz. Babu wanda ya yi dariya.

Mai ginin ya zo da motarsa, ko fitowa bai yi ba. Ya sauke gilashi ya ce, "Petrit, gobe da la'asar ko ƙyaurena, ko mutumin nan a hannun 'yan sanda. Ka zaɓa."

Ramiz na da 'ya'ya uku, kuma shekara goma sha tara ke nan bai ɗauki ko ƙusar wani ba. Na je gida na ɗauko surukina, Baba Ndue.

*

Baba Ndue ya yi shekara talatin da biyar yana gadin daji a duwatsun arewa. Idan an sace saniya, ko kerkeci ya shiga garke, shi ake kira. Da ƙauyensu ya watse, matasa suka tafi Italiya da Jamus, tsofaffi suka koma maƙabarta, matata ta matsa masa ya dawo wurinmu. Tun daga nan yake zama a baranda yana kallon bangon gidan da ke fuskantarmu. Wani lokaci sai ya ce, "Yanzu dusar ƙanƙara ta sauka a kan rufina," kamar wani ya kira shi ya faɗa masa.

"Baba, an yi sata a wurin aikinmu."

"A kan siminti? Ɗana, siminti ba ya magana."

"Bayan ginin ƙasa ce. An yi ruwa ranar Asabar."

Ya miƙe ya ɗauki hularsa. Na daɗe ban ga ya sauka matakala da sauri haka ba.

A filin da ke bayan benen, inda za a yi lambu, ya kore mu duka gefe. Ya tsuguna, ya tashi, ya karkatar da kai yana bin hasken rana. Filin babu komai a cikinsa sai laka, da wata tsohuwar katangar maƙwabta wadda ɓaure ya leƙo ta kanta. Ya fi rabin awa yana kai da kawowa tsakanin katakon da shingen kwano na baya.

"Amalanke ce mai ƙafa biyu," ya ce. "Mutum biyu. Sun kwance kwano ɗaya suka shigo, da suka fita suka mayar da shi suka ɗaure. Ɓarawo mai ladabi ke nan."

"Daga nan fa?"

"Daga nan kwalta. Na gaya maka ba ta magana."

Ya koma tsakiyar fili ya tsaya yana kallon ƙasa, yana sosa haɓa. Na tambaye shi me ya gani. Ya ce in kai shi wurin maigadi.

*

Bashkim maigadi ya rantse da 'ya'yansa cewa jiya Lahadi bai ɗaga daga bakin ƙofa ba.

"Har da tsakar rana?" in ji Baba Ndue.

"Har da ita, Kawu."

"To shinkafar da ke cikin naɗin wandonka fa? A bakin ƙofar aka watsa wa amarya?"

Bashkim ya dubi ƙafarsa, wuyansa ya yi ja. Bikin 'yar ƙanensa aka yi. Ya tafi da sha biyun rana, ya dawo ƙarfe huɗu da tukuicin naman rago a leda. Ya roƙe mu kada mu faɗa. Baba Ndue ya sa shi ya taka laka, ya duba, ya girgiza kai. Ba shi ba ne.

Muka tafi filin mijin yayar Ramiz. Mutumin ya buɗe mana ko'ina yana zage-zage, ya ce mu ɗaga har katifar uwarsa in muna so. Muka ga koren ƙarfe ƙarƙashin tarin kaya. Da aka janye, gadon asibiti ne.

Ramiz da kansa muka same shi zaune a kan tukunyar gas, abincinsa a buɗe bai taɓa ba.

"Ina ka je jiya?" in ji Baba Ndue.

"Kamun kifi. Ni kaɗai. Kifin ma bai zo ba balle ya yi mini shaida."

"In kai ne za ka saci ƙyauren nan, yaya za ka yi?"

"In yanka shi huɗu in zuba a mota. Minti goma." Ya ɗago kai. "Kawu, ni na goge masa tsatsa. Babu walda ko ɗigo a jikinsa, duk da wuta da guduma aka haɗa shi. Wanda ya ƙera abin nan ya ɗauki watanni. Ko yunwa za ta kashe ni, ba zan yanka shi ba."

*

Da rana muka shiga shagon gahawar Luljeta, wanda ke fuskantar shingen baya. Mace ce da ta kusa hamsin, ba ta da yawan magana, kullum sau biyu take kawo mana gahawa a faranti ta babbar ƙofa. A teburin bakin taga akwai wani tsoho da muka saba gani, ana ce masa Usta Hekuran, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne. Tun da muka fara aiki yake zama a nan yana kallonmu, har yaran aiki suka sa masa suna Sufeto.

"'Yar'uwa, jiya kin ga wani da amalanke?" in ji Baba Ndue.

"Ranar Lahadi ba na buɗewa."

Baba Ndue ya ɗauki kofinsa ya koma teburin tsohon ba tare da an gayyace shi ba.

"Kai ɗan dutse ne," in ji Usta Hekuran. "Daga tafiyarka na gane. Kuna ɗaga ƙafa kamar akwai tudu a gabanku."

"Kai kuma maƙeri ne. Daga hannunka."

"Shekara arba'in a tashar jiragen ruwa. Yanzu 'yata ta ajiye ni a hawa na biyar can bayan filin ƙwallo, kamar tulun da ba a son ya fashe."

"Ni ma haka. Kana da wasu 'ya'yan?"

Tsohon ya juya kofinsa a kan faranti. "Ina da ɗa. Yana tafiya."

Suka yi hira kan ciwon gwiwa da yadda burodin yanzu ba ya da ƙamshi. Ni duk na ƙosa. Da muka fito na ce, "Baba, rana tana tafiya, kai kana hira."

"Injiniyarku tana da hoton wurin nan kafin a rushe shi?"

*

Tana da su da yawa, don daga cikinsu ta tsinci launukan ginin. Ta baje su a teburin ofishinta na kwantena. Ranta a ɓace yake, idonta ya nuna ba ta huta ba.

"Da farko a ƙasa na zana shi, a bakin titi," ta ce. "Mai ginin ya ce ƙasa ta masu shaguna ce, gilashi suke so. Sai na kai shi sama. Watan jiya aka canza."

"Wa ya san an canza?" in ji Baba Ndue.

"Kowa ya sani tun ranar Juma'a, da aka manna sabon hoton a jikin shinge."

Baba Ndue ya riƙa ɗaga hotunan ɗaya-ɗaya har ya iso kan wani da aka ɗauka daga sama. Ya sa babban yatsansa a kan tsohuwar katangar mai ɓaure, ya ja shi a hankali zuwa tsakiya. Ya daɗe a haka.

"'Yata," ya ce, "gobe da hantsi ki zo filin baya. Petrit, ka kira maigadi da mai walda. Ka kuma ce a kawo mana gahawa, amma ta shingen baya, mu buɗe kwanon nan."

Muka kama hanyar gida. Da muka kusa, ya ce, "Da na sani da ban zo ba."

*

Ranar Talata da hantsi muka taru. Ma'aikata suka bar aiki suka jeru a kan ƙarafunan hawa, hawa na ɗaya da na biyu, suna leƙe. Baba Ndue ya tsaya a jikin katakon da babu komai. Ya sa aka kwance kwanon shingen, ya ce kowa ya fita ya shigo ta nan ya zo wurinsa.

"Rawa za mu yi?" in ji Ramiz.

"Taho kawai, ɗana."

Ramiz ya taho kai tsaye. Bashkim ya taho kai tsaye. Injiniya Elvana ma haka, tana ɗaga ƙafar wando. Ni ma ya sa ni na yi.

Sai ga Luljeta ta tsallako titi da farantinta. Ta sunkuya ta shigo ta kafar shingen, idonta a kan kofuna kada su zube. Ta miƙo sosai har tsakiyar fili. A nan, inda babu dutse, babu rami, babu komai sai laka shimfiɗe, ta karkata dama, ta yi taku biyar a kewaye, sannan ta dawo kan hanya.

Ta iso ta miƙa farantin. Baba Ndue bai ɗauki kofi ba.

"'Yar'uwa, me kika kewaye?"

Ta waiwaya. Na ga lokacin da ta gane.

Baba Ndue ya yi magana a hankali, amma har na sama sun ji. "Sawu biyu na gani jiya, na mace da na tsoho. Da za su shigo, amalanke babu kaya, suka kewaye wurin nan. Da za su fita da nauyi, laka na riƙe ƙafafun, suka sake kewayewa, alhali miƙewa ta fi sauƙi. Na rasa me suke gudu, sai da na ga hoto. Rijiya ce a nan. An cike ta shekara uku da suka wuce, an bi ta kai da mota. Amma wanda ya girma a tsakar gidan nan, in ya ga katangar can da ɓauren can, ƙafarsa ba za ta yarda ta taka wurin ba."

Luljeta ta ajiye farantin a kan katakon.

"Ni ce," ta ce. "Ku bar shi haka. Ni kaɗai ce."

"Ƙarya take yi, ko ɗaga shi ba za ta iya ba."

Usta Hekuran ne a bakin shinge. Ya shigo yana jan ƙafa, kuma duk muna kallo ya zo tsakiyar fili ya karkata dama.

*

"Ni na ƙera shi," ya ce, "shekarar da aka haifi Sokol. Gidana ne nan. Gidan su Luljeta can, rijiya ɗaya muke sha. Shekarar da kowa ke neman ƙetara teku, Sokol yana da ashirin da biyu, an sa ranar aurensu da ita. Ya ce wata shida zai yi ya dawo. Ya fita ta ƙyauren nan da jaka ɗaya."

Ya dubi katakon da babu komai, ya ci gaba.

"Ba mu ga gawa ba. Ba mu ga wasiƙa ba. Wani ya ce ya gan shi a birnin Bari na Italiya, wani ya ce a gidan yari a Girka. Shekara ashirin da bakwai. Uwarsa ta rasu tana jira. Da aka zo sayen unguwa, ni na ƙi har ƙarshe, sai da aka nuna mini zane, ga ƙyaurena a bakin titi inda yake. Na ce to. Titin ya canza suna, gidajen sun tafi, amma in ya sauko daga jirgi ya biyo hanya, zai ga wannan ya san ya iso." Ya juya wurin Injiniya Elvana. "Ranar Juma'a na ga kin kai shi sama. 'Yata, wa zai dawo gida ya ɗaga kai hawa ashirin da takwas yana neman ƙofarsu?"



"Ƙyauren yana ina?" na tambaya.

"A ɗakin ajiyar shagona," in ji Luljeta, "mun rufe shi da bargo. Ba mu san abin da za mu yi da shi ba. Mun dai san ba za mu bari ya hau ba."

Ramiz ya matso. "Usta, kwana biyu matata ba ta fita sayen burodi ba. Ɗana ya dawo daga makaranta an ce masa ɗan ɓarawo. Kana zaune a taga kana kallo."

Tsohon ya cire hularsa. "Ina kallo. Jiya sau biyu na tashi zan tsallako, na koma na zauna. Ba ni da abin da zan ce maka, sai dai ka yafe in za ka iya."

"Ba yau ba," in ji Ramiz. Ya ɗauki gilashin waldarsa ya tafi. Waɗanda suka zarge shi suka buɗe masa hanya, kowa na kallon takalminsa.

*

Da la'asar mai ginin ya zo. Injiniya Elvana ta shiga motarsa ta rufe ƙofa. Ba mu ji abin da suka ce ba, mun dai ga hannuwa na tashi har kusan awa ɗaya. Da ta fito ta ce ba za a kira 'yan sanda ba, amma gaban ginin na shaguna ne, wannan bai sauya ba. Abin da ta samo shi ne ƙaramar mashigar lambu a gefe, ta lungun da ke gangarawa tashar jiragen ruwa. Kafar da ke ƙoli kuwa aka bar ta a buɗe, har yau sama kawai ake gani ta cikinta. Baƙin ranar Laraba sun ci sun sha, babu wanda ya lura da an rasa wani abu.

Bayan sati uku muka kafa ƙyauren. Sai da Injiniya ta sake zana fale-falen hawan farko na wannan gefen, ta sa ja mai duhu a kewaye don koren ya fito. Usta Hekuran ya zo da tsohuwar gudumarsa, amma hannunsa ya ƙi tsayawa. Ramiz ya tsaya daga nesa yana kallo har ya gaji, sannan ya zo ya karɓi gudumar ba tare da ya dube shi ba.

"Matsa, tsoho, za ka fasa yatsanka a ce ni ne."

Luljeta ta fito da kujeru biyu ta ajiye a inuwa, ɗaya wa Usta Hekuran, ɗaya wa surukina, wanda yanzu kullum sai ya hau bas ya zo su zauna su yi gardama kan ko dutse ya fi teku. Muna tattara kayan aiki jirgin ruwan da ke zuwa daga Bari ya yi kuka a tasha. Jim kaɗan mutane suka fara haurowa ta lungun da jakunkuna.

Wani mutum mai furfura a gefen kai, da jaka a kafaɗa, ya rage tafiya. Ya tsaya gaban ƙyauren. Ya sa hannu ya tura shi, ƙarfen ya yi wani dogon kuka mai kaifi.

Usta Hekuran ya miƙe tsaye. Luljeta ta dafe bango.

"Ku yi haƙuri," in ji mutumin, da karin harshen mutanen kudu, "nan ne hanyar tashar bas?"

Luljeta ce ta iya amsawa. Ta nuna masa kwana ta gaba. Ya yi godiya, ya ja ƙyauren ya rufe, ya wuce.

Tsohon ya daɗe a tsaye kafin ya zauna. Ramiz ya ɗauko gwangwanin mai daga akwatinsa, ya durƙusa a gindin ƙyauren.

"Wannan ƙarar za ta dami masu gida," ya ce. "Bari in ɗiga masa."

"Kada ka sa," in ji Usta Hekuran. "Kunnena ya yi nauyi. Bar shi ya yi kuka, in an taɓa in ji."

Ramiz ya dube ni. Na dubi Injiniya Elvana. Ta ɗaga kai ta kalli benenta tun daga ja har shuɗi, sannan ta ce, "Mayar da man akwati."